Tankin da Na Goya

A shekarar da aka sauke tutar Turawa maigidana ya sayi babur, kuma a wannan shekarar kogin Kwara ya karɓe shi. Babur ɗin nake nufi. Mutumin ya fito da ransa, sai dai ya iso gida ba hula ba takalmi, rigarsa na ɗigar ruwa, bai yarda idonsa ya haɗu da na kowa ba.

Muna zaune ne a wani ɗan ƙauye tsakanin Bagudo da bakin kogi, a gidan mahaifinsa. Sana'arsa fatauci. Yakan kai bandar kifi da albasa tsallake, ya bi ta Illo ya shiga ƙasar Dahomey, wadda yanzu ake kira Benin, ya dawo da gishiri da atamfa. A ƙafa yake wannan tafiya, da jaki idan kaya sun yi yawa, har duga-dugansa suka tsattsage tun yana saurayi. Can ma a lokacin Faransawa na ta naɗe tabarmarsu, sai wani daga cikinsu ya bar wa kukunsa ɗan ƙaramin babur, kukun kuma ya sayar wa maigidana. Ya hau shi tun daga can har bakin ruwa, yana ta tsara yadda zai shigo ƙauye da ƙararsa kowa ya fito kallo. Aka ɗora babur a jirgin fito, jirgi cike da 'yan kasuwa da buhuna. Ana dab da gaɓa iska ta taso, babur ya kwanta gefe guda, jirgi ya bi shi. Babu wanda ya mutu, ko akuya ba a rasa ba. Babur kaɗai ya nutse, mu kuwa a ƙauye ko sau ɗaya ba mu ji kukansa ba.

Bayan 'yan kwanaki masunta suka ji tarunsu ya maƙale, suka nutsa suka ɗaura masa igiya suka jawo shi. Maigidana ya tura shi har bakin hanya, ya sa shi a motar kasuwa ya kai wa wani bakanike a Kamba. Bakanike ya kwance inji ya wanke, ya shanya, ya mayar, ya ba injin mai daga kwalba, ya tashi. Da aka haɗa masa tankinsa kuwa sai ya yi tari ya mutu. Aka zare tiyo, sai ga wani jan datti ya toshe shi. Bakanike ya ce tanki ya yi tsatsa daga ciki, sabo kuma sai Kwatano, amma a je a wanke shi da kyau a gani. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya koma kan aikin gabansa.

To, maigidana mutum ne mai bin magana yadda aka faɗe ta. An ce a wanke, sai ya wanke. Kullum da safe yakan fito da tanki ƙofar gida ya ɗura masa ruwa, ya jijjiga, ya zubar, ya yi ta maimaitawa har ruwa ya fito fari. Sannan ya rufe murfi gam don kada datti ya shiga, ya ajiye shi a inuwar zaure. Washegari idan ya ɗura ruwa sai ya fito ja wur, kamar ba a taɓa wankewa ba. Haka aka cinye damina. Masu wucewa gona suka fara rage tafiya a ƙofar gidanmu don su ga jan ruwan, ƙasar wurin ma har ta rine.

Daga nan magana ta sake kama. Wani tsohon masunci, abokin surukina tun suna yara, ya zo ya tsuguna ya dangwali ƙasar da yatsa, ya shinshina, ya ce wannan jini ne. Ya ce tun da yake bai taɓa jin jirgi ya kife a wannan mashigi an tashi ba a rasa rai ba. Ranar nan kogi rai ya zo ɗauka, sai ya karɓi ƙarfe a madadin mai ƙarfe, aka je kuma aka zaro masa abin da ya karɓa. Shi ya sa tanki ke zubar da jini kowace safiya, tunatarwa ake yi, kuma idan ba a mayar ba kogi ya san wanda zai nema.

Surukina mutum ne mai salla, carbi ba ya barin hannunsa, kuma na sha jin sa ta bayan zana yana cewa irin waɗannan maganganu camfi ne, idan a kan ɗan wani ake yin su. Wannan karon a kan ɗansa ne, kuma shi kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yansa. Liman ya ce masa babu abin da ke samun bawa sai da izinin Allah, ya ce haka ne, ya dawo gida ya kasa cin tuwo. A ƙarshe ya yanke magana. Bayan kaka kogi yakan sake cika idan ruwan ƙasashen yamma ya gangaro, abin da muke kira baƙin ruwa. Ya ce da zarar baƙin ruwa ya iso za a kai babur a mayar da shi inda aka ɗauko shi, kuma kafin ranar ɗansa ba zai sa ƙafa a jirgi ba.

Maigidana ya ce to. Ya daina wankin, ya daina fatauci, ya koma zaman zaure yana tufkar igiyar da ba wanda ya ce yana so. Mutumin da ya san kowace kasuwa daga Dole Kaina zuwa cikin Dahomey ya zama ba ya wuce ƙofar masallaci. Idan na kai masa abinci sai in tarar ya zuba wa babur ido, shi kuwa babur na jingine a bango ba tanki, kaji na hawa kansa.

Ni ban ce to ba, don ba a tambaye ni ba. Dama ina da tawa rigimar da masu fassara wa kogi magana. Na daɗe a gidan ban haihu ba, ko ɓari ban taɓa yi ba. Mahaifiyata 'yar Dandawa ce, a bakin ruwa aka haife ta, sai aka ce ai wani abu na ruwa ne ya biyo ni ya riƙe mini mahaifa. An sa na yi wanka da saiwoyi, an sa na zuba madara a mashaya, na sha jiƙe-jiƙen da ko jaki ba zai sa baki ba. Kogi ya shanye madarata bai ce uffan ba. Saboda haka da na ji an sake buɗe baki da sunansa, zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Kowa na ta cewa an samu mulkin kai, ana ta kiɗa a Bagudo, mu kuwa a gidanmu an naɗe hannu ana jiran abin da ruwa zai ce.

Ban da haka, na san ƙarfe. Ƙuli-ƙuli nake yi da soyayyar gyaɗa, kuma kaskon suyata na ƙarfe ne, maigidana da kansa ya kawo mini daga tsallake. Na san abin da ke faruwa idan ka wanke kasko ka kife shi da danshi, da safe ja za ka tarar da shi. Kowace mace a gidan ta san wannan. Babu dai wadda ta haɗa kasko da babur, don babur abin maza ne, mu kuma ba a kiran mu zaure idan ana maganar maza.

Wata rana da na kai wa maigidana fura na tsuguna na gaya masa cewa shi ne ke ba tsatsar nan abinci da hannunsa, yana ɗura ruwa yana rufewa. Bai ɗago ba, ya ci gaba da tufka.

“Ke, wanga ba kasko ba na,” in ji shi. “Baba ya riga ya yanke magana, mi kika so in ce mishi?”

“Malam, kai kam ka ce to,” na ce. “Ni ba a tambaye ni ba. Ba ni tankin.”

Bai ce ɗauki ba, bai ce bari ba. Ni kuma na zaɓi wadda ta yi mini daga ciki.

Washegari da hantsi, maza sun tafi yankan gero, na shiga zaure na ɗauke tankin, na rufa masa gefen zane na wuce ɗakina. Girmansa bai fi jinjiri ba. Na karkata bakinsa wajen hasken ƙofa na leƙa, sai na ga cikinsa ya yi ɓawo-ɓawo kamar ƙanzo a gindin tukunya. Na kwance ɗan famfon da ke ƙasansa, na toshe ramin da totuwar masara da tsumma. Tsamiyar da na tara don kunun azumi na kwaso duka na jiƙa, na dama ta da ƙarfinta, na tace, na ɗumama, na cika tanki har baki na tura shi ƙarƙashin gado. Da tsamiya muke goge wuƙa da cokali idan sun yi tsatsa, ban ga dalilin da zai sa ƙarfen Faransa ya fi ƙarfinta ba.

Ya yi kwanaki a nan, ɗakina ya ɗauki wani wari mai tsami da ƙarni. Da na zo zubarwa ruwan ya fito baƙi-baƙi, ja-ja, da gudaji a ciki. Ban yarda ya taɓa ƙasa ba. Na san idan aka ga jan ruwa a tsakar gida za a ce jini ya biyo shi har cikin mata. Akwai wani tsohon tulu mai karyayyen baki a bayan ɗakina, a ciki na juye na rufe da faifai, kuma duk abin da ya fito daga tankin bayan nan a ciki na riƙa zubawa.

Tsamiya ta sassauta tsatsar amma ɓawon bai saki ba. Yana buƙatar kankara, bakin tanki kuwa ko hannun yaro ba zai shiga ba. Sai na tuna yadda muke wanke cikin gora, a zuba tsakuwa a kaɗa. Da na je ɗiban ruwa na tsinci tsakuwa masu kaifi a bakin kogi, na ƙulle a gefen zane na kawo. Na zuba su a tanki da ɗan sabon ruwan tsamiya, na rufe na hau jijjigawa. Kafin a jima hannuwana sun mutu, ga surfe na jira, ga dakan furar masu yankan gero, ga gyaɗa. Matar gida a lokacin kaka ba ta da sararin zama tana kaɗa ƙarfe.

Ina tsaye ina tunani sai idona ya faɗa kan adakata. A can ƙasanta akwai majanyin da mahaifiyata ta sa mini cikin kayan aure, fari mai baƙin layi, yana ninke yadda ta ninke shi, bai taɓa yin aikinsa ba. Na daɗe ina kallon sa. Sannan na zaro shi, na sunkuya na ɗora tanki a bayana, na ja zane na ɗaure, na zagaya majanyi na ƙulle a gaba. Na fita tsakar gida na ɗauki taɓarya.

Duk bugun da na yi a turmi sai tsakuwa ta amsa a bayana, ƙwacam, ƙwacam. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta saki tankaɗe ta buɗe baki. Kafin in gama surfe matan maƙwabta sun cika gidan, wasu na leƙe ta kan zana. Akwai wata maƙwabciyarmu mai bakin tsiya, 'ya'yanta sun cika mata ɗaki, ita ta fara. Ta zo har gabana ta rangaɗa guɗa, ta yi mini barka da sauka lafiya, ta tambayi yaushe aka yi suna ba a kira su ba. Wata ta ce a juyo da shi su ga ko ya yi kama da ubansa. Aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki, kuma tun a ranar aka raɗa mini suna uwar tanki.

Na ce musu nawa dai ba ya zawo, ba ya hana uwarsa aiki, na ci gaba da daka. Amma ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Da suka watse na shiga ɗaki na kwance shi na yi kuka mai isata, ba don dariyar kaɗai ba. Bayana bai taɓa ɗaukar nauyin da aka ɗaure da majanyi ba sai ranar, kuma na tsinci kaina ina ɗan rausaya shi ko da na ajiye taɓarya, yadda na ga mata na yi tun ina yarinya. Da gari ya waye na share fuskata na sake goya shi, wannan karon ma da shi na je rijiya.

Haka na yi ta yawo da shi, daka da shi, niƙa da shi, shara da shi. Idan ɓangare ɗaya ya sha kankara sai in juya shi, in kwantar, in kifa, don tsakuwa ta kai kowane lungu. Ƙarar kuwa ba ta ɓoyuwa, tana tsallake zana har zaure. Suruki ba ya shiga sashen matar ɗansa, ni ma ban taɓa tsayawa gabansa ba, idan na hango shi a hanya ratsewa nake yi. Sai ya aiko Inna ta gaya mini in bar wasa da abin da ba nawa ba. Na durƙusa na ce a gaya wa Baba na ji. Tana fita na ƙara tamke majanyi.

Wata rana ina daka sai na ji sanyi na bin bayana. Maƙwabciyar nan ta riga ni gani, ta yi shewa ta ce ɗana ya yi mini fitsari. Na kwance na duba, ashe wani ɗan rami ne kamar bakin allura a kusurwar ƙasa. Tsatsa ta cinye ƙarfen wurin, ita ce kuma ta toshe shi, da tsakuwa ta kankare ta sai rami ya buɗe. Wannan kam ba aikin tsamiya ba ne. Na kai wa maigidana na nuna masa. Ya karɓa ya leƙa ciki, ya ga inda ƙarfe ya fara fitowa fari-fari, ya daɗe yana leƙe. Ranar kasuwar Bagudo ya cusa shi a buhu ƙarƙashin albasa ya kai wa mai gyaran buta da fitila, aka ɗiga masa dalma. Da ya dawo sai ga kwalbar kananzir da ɗan baƙin mai a gwangwani, ban kuwa aike shi ba. Ya ajiye a ƙofar ɗakina ya wuce, ni kuma na gane ba ni kaɗai ba ce a cikin wannan taurin kai.

Fitar da tsakuwar ma sai da ta zama aiki. Duk sun fito ban da guda ɗaya mai taurin kai irin nawa, na kifa na kaɗa na zage ta har ta gaji ta faɗo. Na jiƙa kanwa na ɗauraye cikin da ruwanta don tsamin ya daina cin ƙarfe, na bi da ruwa mai kyau. Da na leƙa, ciki ya yi fes, toka-toka yana ɗaukar ido. Murna ta sa na yi gaggawa. La'asar ta yi, rana ta yi sanyi, na kife shi a kan turmi ya tsane, na ɗauka ya bushe na shigar da shi ɗaki.

Da safe na fito da shi haske, Inna na tsaye kusa, sai ga wani siririn ja ya lulluɓe cikin gaba ɗaya. Inna ta leƙa ta ja da baya. Ba ta yi mini dariya ba, da ma dariyar ta yi. A hankali ta ce in ji tsoron Allah in bar mata ɗanta ya rayu. Na ɗan wani lokaci har ni na fara tunanin ko tsohon masuncin nan ya san abin da ban sani ba. Sai na kai hancina bakin tanki na ji ƙanshin danshi. Haushi ya kama ni, haushin kaina. Kaskon da aka kankare sabo ya fi tsohon saurin tsatsa, ni na fi kowa sani, na je na yi irin aikin maigidana.

Na roƙi tsamiya a maƙwabta, har gidan mai bakin tsiyar, ta ba ni tana tambaya ko yaye zan yi. Na sake jiƙawa, na sake bi da kanwa. Wannan karon na jira ranar suyar gyaɗa. Da na kwashe gyaɗa daga yashi, yashin na nan da zafinsa, na sauke shi daga wuta na tona na binne tanki a ciki, bakinsa a buɗe yana kallon sama. Na riƙa juya shi da tsumma har tururi ya daina fita, ƙarfe ya yi zafin da ba a taɓawa. Da ya huce ya koma ɗumi na zuba kananzir gauraye da baƙin mai, na rufe na mirgina shi ko'ina ya samu. Kowace safiya bayan nan nakan fito da shi in leƙa a gaban Inna, don ta gani da idonta. Jan bai dawo ba.

Sanyi ya fara shigowa, masunta suka ce ruwa ya fara hawa kuma ya washe, baƙin ruwa ya iso. Wata safiya surukina ya zauna a zaure da abokinsa masunci da wasu maza riƙe da igiya, ya aiko a kawo tanki a haɗa da babur a tafi. Inna ta miƙo hannu za ta karɓa, na ce ni zan kai. Na yafa mayafi, na ɗauki tanki da wani farin kwano na kayan aurena, na shiga zauren da ban taɓa zama a cikinsa ba idan Baba na nan. Na durƙusa na gaishe su, idona a ƙasa. Na miƙa wa maigidana tanki na ce ya zuba mai. Ya mayar da famfo, ya zuba fetur, ya jijjiga da ƙarfinsa, ya buɗe a kan farin kwano. Mai ya zubo garau, ko ƙwayar datti babu.

Tsohon masunci ya duba ya ce ɓoyewa ya yi, irin wannan abu ya iya haƙuri. Surukina bai kula shi ba. Ya juyo wajena, kuma wannan ne karo na farko da ya yi mini magana kai tsaye.

“Ɗiyata, na ga aikinki, Allah shi yi miki albarka. Amma ni ba tsatsa nika tsoro ba. In gulbi ya zaka neman abinai, mi za mu ba shi?”

Na ji tausayinsa, don muryarsa ta mai tsoro ce. Amma ban goyi ƙarfe ina shan dariyar ƙauye don in zo nan in ce to ba. Na nemi gafara na tashi, na koma bayan ɗakina na rungumo tsohon tulun nan, na dawo na dire shi a gabansu na ɗauke faifai. Wari ya cika zaure.

“Baba, a gahwarce ni,” na ce. “Abin gulbi na nan, ko ɗigo ban zubas ba. Ga jan ruwanai, ga tsakuwad da na ɗibo bakinai. Iyakar abin da yas sa ciki ke nan, a kai mishi. Ƙarhen ga kau gumin ɗanka na, ba shi zuwa ko'ina.”

Mazan nan suka sunkuyar da kai don kunyar abin da suka ji daga bakin suruka. Ina jira a ce in fita, ko a ce in haɗa kayana. Sai na ji motsi, ashe maigidana ne ya tashi. Mutumin da bai taɓa ce wa mahaifinsa komai ba sai to ya ɗauki tanki ya ɗora a kan babur, ya tsuguna ya hau ɗaure shi, bai dubi kowa ba.

Surukina ya kalli ɗansa, ya kalli tulu. Ya ce mu yi abin da muka ga dama, amma kada ya kuskura ya ji kukan abin nan a ƙofar gidansa. Sannan ya miƙe ya ɗauki tulun da kansa. Wani ya ce ya kawo a ɗaukar masa, ya ƙi. Haka ya tafi bakin kogi da shi a kafaɗa, abokinsa na bin sa a baya. Ban san abin da suka faɗa a can ba, ban kuma tambaya ba. Ni dai abin da na sani datti na ba kogi, kuma ya fi madarar da ya sha mini dacewa da shi.

Da ranar fito ta zagayo maigidana ya ɗaure bandar kifi a bayan babur. Saboda maganar mahaifinsa bai tayar da shi ba, turawa ya yi da hannu tun daga gida har mashigi. Na ɗauki tuluna na bi bayansa daga nesa, wai ɗiban ruwa. Da na isa sai na tarar da surukina zaune a kan wani kifaffen jirgi, shi ma wai ya zo duba masunta. Na tsaya can gefe. Kogi ya cika ya batse, faɗinsa ya ninka, ruwan baƙi wuluk yana tafiya ba ƙara. Aka kwantar da babur a cikin jirgi aka ɗaure shi, maigidana ya shiga ya zauna kusa da shi, mai fito ya tura.

A nan tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Duk bakin da na yi a zaure ya gudu. Na san tsatsa tsatsa ce, amma iska ba ta san da wannan ba, kuma idan jirgin nan ya kife yau babu wanda zai ce iska ce, ni ma kaina ba zan ce ba. Jirgi ya yi ta ƙanƙancewa har ya shige bayan ciyawar tsibiri, ba mu ƙara ganin sa ba. Na cika tulu na zubar, na sake cikawa. Surukina ya daina jan carbi, ya damƙe shi kawai a hannu.

Mun daɗe a haka. Can sai wani ɗan sauti ya taso daga tsallake, siriri, ya yi tari ya tsaya. Tsoho ya kai tafin hannu bayan kunnensa ya karkata. Sautin ya sake tashi, ya kama, ya miƙe yana bin kan ruwa har inda muke, masunta suka ɗaga kai daga tarunsu. Mutumin da ya ce kada ya ji kukan abin nan bai sauke hannu daga kunne ba sai da ƙarar ta yi nisa ta ɓace ta wajen Illo.

Sannan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya kama hanyar gida. Dole ta gabana zai wuce, na durƙusa na kawar da kai. Bai tsaya ba, bai dube ni ba.

“Uwar tanki,” ya ce, “ɗan naki na da murya.”

Na ce na'am Baba, na ɗora tuluna a ka na bi bayansa. Ban haihu ba har na tsufa. Sunan ya bi ni har furfura, kuma ban taɓa ƙin amsa shi ba.